Jan Ƙwan Babbar Alhamis

Bugun sandar bai tsaya ba sai da Minka ta zare hannuwanta daga cikin kwaɓin burodi. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakin girkinta da na Dafina, kuma tun suna amare da bugun bangon nan suke kiran juna, amma ba ta taɓa jin sa da irin wannan gaggawa ba. Ta goge hannu a gaban riga, ta zura takalman roba, ta bi ta ɓarakar shingen da kajinsu suka daɗe da mayarwa hanya. Gari ya fara haske ke nan. Shamuwar da ta yi sheƙa a kan turken lantarki tana ta kaɗa baki.

Dafina na jingine da matasai a kan gadon da aka jawo mata kusa da murhun ƙarfe, sandar na hannunta. Jikarta Raya na tsaye da rigar barci, ta tallabi ƙwai ɗaya da hannu biyu, da ɗan gashin kaza manne a jikinsa.

"Mutuwa kika yi a can?" in ji Dafina. "Ni da ake jira in mutu ma na fi ki hanzari."

"Rufe bakinki, Yaya, da safiyar Babbar Alhamis. Ina Stefka?"

"Ta bi motar safe, ta tafi ƙauyen gangare neman Fada na coci. Wai sai an ba ni Jibin Ubangiji. Sauko da tukunyar nan ta saman kabad. Saiwar brosh ta jan rini tana bayan buhun wake, tun jiya na sa yarinya ta jiƙa ta."

Minka ta tsaya riƙe da ƙofa. Da kunnenta ta ji abin da Stefka ta faɗa jiya: ba za a yi rini a ɗakin nan ba, tururin da warin ruwan tsami za su tayar wa tsohuwar da tari, kuma ai ranar Asabar ma ana rina ƙwai.

"Stefka ta ce a bari sai Asabar."

"Stefka ni na haife ta, ba ita ta haife ni ba. Dube ni da kyau, Minka. Na yi miki kama da mai kai Asabar?"

Minka ta duba, ta kawar da kai. Ta ɗauko kujera ta taka, ta sauko da tukunyar.

To, kun san dai yadda abin yake a wajenmu. Da safiyar Babbar Alhamis, ta ƙarshe kafin Ista, mace mafi tsufa a gida ita ke saka ƙwan farko a cikin jan rini da hannunta, in ya kama ta shafa shi a goshin yara da kumatunsu don su yi lafiya har shekara ta zagayo. Gidan da ke makoki kuwa ba ya taɓa ja. Maƙwabta za su aiko da nasu, amma wannan na ci ne, ba na shafawa ba. Gidan Dafina ya yi Ista biyu a jere babu ja. Da farko mijinta Stamen ya kwanta dama. Ba a cire baƙin ƙyallen da ke ƙofar gida ba, itace ya faɗo wa ɗanta Gancho a daji, mahaifin Raya ke nan. Uwar yarinyar ta tafi Italiya jinyar wata tsohuwa, sai dai a ji muryarta a waya ranar Lahadi. Da sanyin da ya wuce Raya ta kwanta ciwon ƙirji har aka fitar da rai, ta tashi fari fat kamar an tsoma ta a gari. Likita ya ba da nasa bayanin, Dafina ta saurara da ladabi, amma ita ta san abin da ta sani: fuskar yarinyar nan ba ta ga jan ƙwai ba tun tana koyon magana. A tsakiyar azumin nan na kafin Ista aka kwance ƙyallen Gancho. Idan Dafina ta cika kafin ƙwan ya yi ja, shekara ta uku ke nan.

Akwai kuma maganar ruwa. Mala'ika Mika'ilu, in ya gama ɗaukar rai, yana wanke takobinsa a duk ruwan da ya tarar a cikin gidan, shi ya sa da zarar mutum ya cika ake zubar da komai, na bokiti da na buta da na kofi. Ranar da Stamen ya rasu an manta da wani tulu a bayan ƙofa, Gancho ya dawo daga haƙa kabari ya ɗaga ya sha. Kowa ya manta da wannan, ban da Stefka. Ita ce ta gan shi yana sha.

Minka ta juye saiwar da jan ruwanta a tukunya, ta ƙara ruwan tsami, ta kawo bakin gado ta durƙusa.

"Kawo ƙwanki, ƴar tsuntsuwata," in ji Dafina. "Da ɗuminsa?"

"Da ɗuminsa, Kaka. Kazar ta sare ni."

"Ta yi daidai. Ke ma in an zo ɗaukar naki ki sara."

Ta ɗora ƙwan a cokalin katako. Hannun na rawa har Minka ta kai nata za ta tallafa, tsohuwar ta harare ta.

"Cire hannunki. Naki gidan yana can bayan bango."

Ƙwan ya nutse a hankali, bai fashe ba. Minka ta zuba sauran ƙwan gidan a gefensa, bayan ta ɗaura wa na farkon zare don kada ya ɓace a cikinsu, ta ɗora tukunyar a wuta, ta ƙara itace.

"Yanzu sai me?" in ji Raya.

"Yanzu sai jira. Brosh ba ya son gaggawa, halinsa ɗaya da Kaka Minka. Jawo kwandon nan mu ga ko kanki ya riƙe karatu."

Wannan karatu kuwa tun farkon azumi aka fara shi. Wata rana ce Dafina ta miƙa wa yarinyar kwandon zaren ulu ta ce ta zaɓi wanda za a saƙa mata safa da shi. Raya ta tona, ta tona, ta wuce masu haske duka, ta zaro baƙi ta ce, "Wannan ne namu." Ranar Dafina ba ta ci komai ba. Washegari ta sa aka tara mata ɓawon albasa, ta dafa, ta tsoma farin ulu a gaban yarinyar. Daga nan kullum da irin nasa, har ƙarfinta ya ƙare ta koma ba da umarni daga kan gado, Minka na yin aikin tana shan faɗa.

Dafina ta zaro zare ɗaya. "Wannan fa?"

"Rawaya. Na albasa."

"In alkama ta yi shi?"

"A kira masu girbi."

"In idon mutum ya yi shi?"

"A kira likita."

"Wannan?"

"Kore. Na ganyen da ya ƙone wa Kaka Minka hannu ta yi zagi."

"Ban yi zagi ba," in ji Minka daga bakin murhu.

"Kin yi. Kin ce..."

"To, to, ya isa. A cikin azumi!"

Dafina ta yi dariya, dariyar ta juye tari, tarin ya daɗe bai sake ta ba. Minka ta ɗago ta, ta ji yadda ƙasusuwan bayanta ke motsi a tafin hannu kamar na ɗan tsako. Tururin tukunyar ya fara cika ɗakin da warin ƙasa da tsami. Da tarin ya lafa, tsohuwar ta nuna kwandon da haɓa.

"Ci gaba. Kore in kin gan shi a kan tudu?"

"Sanyi ya tafi. In a jikin burodi ne, a yar."

"Wancan na gefe?"

"Shuɗi. Na jan kabeji." Yarinyar ta yi murmushi, don har yanzu abin na ba ta dariya, yadda jan kabeji ke haifar da shuɗi. "Na sama ne, da na kogi, da dutsen da ake rataya wa jariri. Amma kin ce a jikin mutum ba shi da kyau."

"Haka na ce."

"Ja fa? Kin ce sai yau."

"Ja shi ne abin da ke cikinki, yana gudu ba ya gajiya. In ya hau kumatun yaro, uwarsa sai ta yi barci. Shi ya sa..." Ta tsaya neman numfashi. "Shi ya sa ba a ba da aronsa daga gidan wani."

Raya ta matso kusa, ta ƙura wa kakarta ido yadda aka koya mata ta ƙura wa ulu ido kafin ta faɗi sunansa.

"Kaka, bakinki ya yi shuɗi."

Cokalin da ke hannun Minka ya bugi gefen tukunya. Ta juyo. Gaskiyar yarinyar ce. Leɓɓan sun yi launin ruwan kabeji, har da faratan hannun da ke kan bargo.

Dafina ba ta firgita ba. Ta dubi tukunyar, ta dubi Minka.

"Ya kama?"

Minka ta ɗaga zaren ta leƙa. Ƙwan ya ɗan yi ruwan hoda, shi ma da ƙyar. "Saura, Yaya."

"Fitar da tukunyar."

"Me?"

"Ruwa ne a ciki, Minka. Fitar da ita kafin baƙon mai takobi ya iso. Ki kai murhun tsakar gida."

"In fita in bar ki ke kaɗai? Ba zan yi ba. Wa zai riƙe miki kyandir in lokaci ya yi?"

"Ina da hannu."

"Yaya Dafina, ki ji tsoron Allah. In kika tafi ba kowa a kanki, me zan ce wa Stefka? Me zan ce wa kaina?"

"Shekara nawa kina gardama da ni, kin taɓa ci? Kunna min. Ki tafi da yarinyar."

Minka ta ɗauko siririn kyandir na kakin zuma daga gaban hoton Budurwa Maryamu, ta kunna a jikin fitilar da ke rataye a wurin. Ta sa shi a hannun Dafina, ta nannaɗe mata yatsu a kai, ta ɗora ɗaya hannun ta danne. Yatsun sun yi sanyi, amma sun riƙe.

"Yanzu zan dawo. Kada ki kuskura."

"Tafi, agwagwa."

Minka ta naɗe hannayen tukunyar da tsumma ta ɗaga. Nauyi gare ta, ga ruwan na tafasa yana fantsama mata a wuyan hannu. Ta ce wa Raya ta buɗe ƙofa ta riƙe. Ta tsallake dokin ƙofa, ta sauka matakalar dutse a karkace, gwiwarta na ƙara, ta bi ta ƙarƙashin rumfar inabin da ba ta yi ganye ba tukuna, ta dire tukunyar a kan duwatsun murhun da suke dafa barkono a lokacin kaka. Ƙiraren da ke wurin sun sha raɓa. Ta durƙusa ta ba taga baya don ta tare iska, ta zaro ashana daga aljihu. Ta ƙyasta, ta mutu. Ta ƙyasta wata, kan ya karye.  Idan ruwan ya huce ƙwan zai tsaya a ruwan hoda, ta san wannan, kuma ta san abin da ke bayanta. Ta yage gefen tsumman ta cusa ƙarƙashin ƙiraren, ta sake ƙyastawa, tana hurawa tana ambaton sunan duk wani waliyyi da ya zo bakinta. Da ƙyar wutar ta kama.

"Raya, tsaya nan. Kada ki taɓa, kada ki shigo. Ki sa ido a kan mai zaren, duk launin da ya canza ki kira min sunansa da ƙarfi. Kin ji? Aikinki ke nan."

"Na ji."

Minka ta koma ciki. Ɗakin shiru, sai agogon bango. Kan Dafina ya karkata wajen taga, idanunta a buɗe. Kyandir ɗin na nan a hannunta, ya ɗan kwanta, yana ci. Kakin ya ɗiɗɗiga a kan bargo.

"Yaya," in ji Minka a hankali. "Yaya Dafina. Na ce kada ki kuskura."

Kukan ya taso mata tun daga ciki. Ta cusa bakin ɗankwalinta a baki ta cije. Idan muryarta ta fita, matan layin nan kaf za su iso kafin a ce kwabo, da baƙaƙen kayansu, kuma ta farkon shigowa za ta kifar da tukunyar ba tare da ta tambayi kowa ba. Ta shafa idanun suka rufe. Ta miƙar da kyandir. Ta tsayar da agogo, ta ɗan tura taga don rai ya sami hanya.

"Ruwan hoda mai ƙarfi!" Raya ta ƙwala daga waje.

Minka ta zare ƙyallen daga baki. "Bai yi ba," ta amsa, muryar kamar ba tata ba. "Ci gaba da kallo."

Ta fito ta zauna a kan kututture kusa da yarinyar, ta riƙa tura ƙirare. Rana ta leƙo ta saman tudu. A ƙasan layi wani ya buɗe wa tumaki, ƙararrawar wuyansu na ta kaɗawa. Ƙamshin burodin Ista na tasowa daga gidan wani. Minka ta tuna nata kwaɓin da ta bari a buɗe, ta ji ba abin da ya dame ta da shi.

"Kaka ta yi barci?"

"Ta huta."

"Yanzu kamar tukunyar ƙasa."

"Saura kaɗan."

Sai ga hon ɗin motar safe daga dandali. Minka ta rufe ido. Ta san tafiyar Stefka, sauri da ƙwas-ƙwas ɗin takalmin birni, kuma ba ta ji wasu ƙafafu tare da nata ba. Ƙyauren ya yi ƙara.

"Fada sai da rana, yana da coci uku a wuyansa," Stefka ta fara tun daga ƙofa, tana kwance gyale. Mace ce doguwa, ta ba hamsin baya, ta baro aikinta a birni ta zo jinya. Ta ga hayaƙi, ta ga tukunya. "Inna Minka! Me na ce jiya? Kun jira in juya baya ke nan, ke da ita, kamar ƴan makaranta?"

Minka ta miƙe.  Stefka ta dubi fuskarta, sannan idonta ya wuce kan tagar da ke buɗe a wannan sanyin safiya. Jakarta ta zame ta faɗi. Ta buɗe baki ta ja iska.

Minka ta cafke mata dantse da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba.

"Ba yanzu ba, ƴata. Don girman Allah. Ba yanzu ba."

Stefka ta dubi Raya, wadda ta tsugunna ta ba su baya, hankalinta duk yana cikin tukunya. Ta fizge hannunta ta shiga ciki. Ta daɗe. Minka na tsaye tana jiran kukan, bai zo ba. Abin da ya zo shi ne Stefka da bokiti a hannu. Ta wuce su ta juye shi a gindin tuffa. Ta koma ta fito da buta, da kofin da ke gefen gado, da tulun bayan ƙofa, wanda ta girgiza har ɗigon ƙarshe. Daga nan ta ɗauki tsumman da Minka ta yar, ta naɗe hannu, ta nufi murhu.

Minka ta sha gabanta.

"Wannan a waje take."

"A nan aka ɗora ta?"

"A ciki aka ɗora. Na fito da ita."

"Kafin, ko bayan?"

Sun rage murya har sai da suka matso goshi da goshi. Kalma ɗaya ce, "kafin", za ta raba gardamar, kuma tana kan harshen Minka. Amma ita ta yi wa Stefka wankan farko, ba ta taɓa yi mata ƙarya ba ko a kan alewa. Kuma in ta faɗa, ta zama ba haka ba ne, a goshin wa abin zai sauka?

"Ban sani ba," ta ce. "Na bar ta tana zagina. Na dawo na tarar an gama. Ko ina bakin ƙofa ne, ko na riga na sauka, ban sani ba."

"Ba ki sani ba." Stefka ta matse tsumman a hannunta. "Tulun nan ma ba wanda ya sani. Ina tsaye ina kallonsa yana sha, Inna, ban ce komai ba, na ce ai camfi ne. Yanzu ki ce in ɗauki abin da ya dahu a ruwan nan in goga a fuskar ƴarsa? Ita kaɗai ta rage mana."

"Don ita kaɗai ta rage ne uwarki ta kore ni daga kanta."

"Matsa."

"Stefka."

"Na ce ki matsa, Inna Minka."

"Goggo, kada ki taɓa," in ji Raya ba tare da ta waiwayo ba. "Bai gama ba. Kaka tana jira, ta ga lokacin da aka ajiye shi."

Matan biyu suka tsaya cak.

"Ta gani ta ina?" in ji Stefka.

"Ta taga. Kaka Minka tana faɗa da ashana, ni kuma ina kallon taga. Kaka ta yi min rawaya."

"Ta yi miki me?"

"Da wutar kyandir." Yarinyar ta miƙe ta ɗaga ɗan yatsa ta nuna a iska. "Ta yi sama, ta yi ƙasa, ta yi nan, ta yi nan. Gicciye, irin na Fada."

Stefka ta dubi Minka.

"Baya na ba tagar," in ji Minka. "Ban gani ba."

Stefka ta durƙusa a gaban yarinyar ta riƙe kafaɗunta. "Raya, dube ni. Ba tatsuniya ba ce? Ba rana ce ta haska gilashi ba?"

"Rana ba ta fito ba lokacin. Kuma rana fara ce in ta bugi gilashi. Wannan rawaya ce, da shuɗi kaɗan a gindinta."

Stefka ta tashi ta je bakin tagar ta leƙa. Minka ta san abin da take kallo: ɗigon kakin da ke kan bargo, wanda bai taru wuri ɗaya ba, ya bi tsaye ya bi kwance. Ta kuma san hannun da ke rawar mutuwa ma yana iya warwatsa kaki haka. Ta bar wannan a cikinta. Stefka ta jingina goshi da katakon tagar, kafaɗunta na motsi ba sauti. Tumakin suka wuce ta ƙofar gida, mai kiwon ya ɗaga murya ya yi gaisuwa, Minka ta amsa masa kamar kullum, har da tambayar ƙafar matarsa.

"Ja!" Raya ta daka tsalle. "Kaka Minka, ja! Ya yi ja!"

Minka ta ɗaga zaren. Ƙwan ya fito yana tururi, ja wur, mai duhu kamar cikakken ceri. Ta ɗora shi a cokalin katako, ta tsaya da shi a tsakiyar tsakar gida. Ba ta kai wa yarinyar ba.

"Ni gidana yana bayan bango," ta ce. "Ke ce babba a gidan nan yanzu, Stefka. In zubarwa ne, ga tukunya, ba zan sake tare ki ba."

Stefka ta juyo. Ta kwance tsumman daga hannunta a hankali, ta bar shi ya faɗi. Ta ɗauki ƙwan da yatsu tsirara, zafin ya sa ta riƙa jujjuya shi daga tafi zuwa tafi, rinin na kama mata fata. Ta hura shi, ta gwada a kumatunta tukuna, kamar yadda ake gwada madarar jariri.

"Zo nan. Ɗaga kai."

"Ba Kaka ce za ta yi ba?"

"Kaka ta saka shi a tukunya. Ni ta bar wa sauran."

Ta zana gicciye a goshin yarinyar, ta murza a kumatun dama, ta murza a na hagu.

"Ki yi lafiya," ta ce. "Ki yi ja kamar ƙwan nan. Ki yi..." Muryar ta tsinke. Minka ta ƙarasa mata a hankali, yadda ta sha jin Dafina na faɗa wa Stefka da Gancho a wannan tsakar gidan: ki yi ƙarfi, ki ga baɗi, ki ga baɗin baɗaɗa.

Raya ta taɓa kumatunta ta duba yatsa. "In je in nuna wa Kaka?"

"Mu je tare. Amma ba za ta yi magana ba, Raya."

Yarinyar ta dubi goggonta, ta dubi bokitin da ke kife a gindin tuffa, ta dubi tagar. Ta taɓa ganin wannan duka.

"Ta tafi wurin Baba?"

"Ta tafi."

"To za mu koma baƙi?"

"Mu manya za mu koma. Ke riƙe ƙwanki da kyau, kada ya faɗi."

Suka shiga. Minka ta tsaya a bakin ƙofa ta ga Stefka ta ɗaga yarinyar sama, ita kuma ta ajiye ƙwan a cikin ɗan kofin da ke gaban hoton Budurwa, wanda ya yi ƙura don daɗewa ba komai a ciki. Sannan Stefka ta sauke ta, ta yafa wa madubi zane, ta durƙusa a bakin gado, ta saki muryarta. Kukan ya fita ta taga ya bi layi. Minka ta ji ƙyaure na buɗewa nan da can. A lokacin ne ita ma ta cire haƙoranta daga leɓenta.

Da hantsi, bayan mata sun cika gidan, Minka ta fito ɗebo itace. Stefka na bakin ƙofar gida ita kaɗai, tana ɗaura baƙin ƙyalle a daidai inda aka cire na Gancho, inda katakon ya fi sauran haske. Yatsunta jajur har zuwa gaɓa ta biyu, ƙullin ya ƙi zama, tana ta sakewa. Raya na zaune a kan matakalar dutse da kwandon ulu a cinya, gicciyen goshinta ya ɗan goge ta gefe ɗaya, tana jera zaren a kan gwiwa. Tukunyar na nan a kan duwatsu, wutar ƙarƙashinta ta mutu, tururi kaɗan na tashi.